Tambarin Gidanmu

'Yan'uwa, sunan Yesu ne ya tara mu, da shi nike gaishe ku, manya da yara.

Ni ne Nomau wanzami, na wajen Gidan Rumji. Ban yi lakol ba, karatuna na ajin yamma ne na majami'a. Abin da ya faru shi zan faɗi, ba ƙari.

Shekarar da Nasara suka miƙa mulki, mutane na kiɗa a Maraɗi, ni kuwa baƙin ciki ya cika min gida. Matata Tabawa ta haihi ɗiya, leɓenta na sama a tsage har hanci. Na buɗe bakinta in duba beli kamar yadda nike yi wa ɗiyan kowa, sai na ga ganɗar ma a buɗe take. In ta kama nono, ta hanci yake fitowa.

Kuma ba ita ce ta fari ba. Mun taɓa samun namiji hakanan, bai kai wata biyu ba ya koma.

Na ce wa Tabawa, "Jinin gidanku ne. Ko kuwa yawon itacen da kike yi da tsakar rana ne, iska ya shafe ki. Tattara ki tahi Cadakori wurin iyayenki." Ko aski ban yi wa ɗiyar ba. Ni da nike aske ɗiyan gari duka!

Lokacin wata uku ke nan da na fara zuwa sujada. Bakina na waƙa, zuciyata dutse.

Malam Cindo mai bishara ya iske ni ina wasa aska. Ya ce, "Sarkin Aska, na je Cadakori. Matarka na tatsar nono tana ɗiga wa yarinya da cokali, dare da rana. Yarinyar ta ƙi mutuwa. Kai me kake jira?"

Na ce, "Malam, abin da Allah ya tsaga wa zai ɗinke?"

Ya ce, "Tashi mu je mu tambaya."

Muka biya Cadakori muka ɗauko Tabawa da ɗiyar, muka hau motar gyaɗa zuwa asibitin mishan. Duk tsawon hanya Tabawa ba ta dube ni ba.

Likitan ya duba ɗiya, ya duba uwa, sannan ya tsura min ido. Ya ce ta bakin tafinta, "Maigida, ja leɓenka na ƙasa in gani."

To 'yan'uwa, ga su nan, ku duba. 'Yan ramu biyu. Innata tana da su, kakana ma haka. Tambarin gidanmu muke ce musu. Har tinƙaho nike yi a kasuwa, wai kowa sai na sa mishi aska yake samun tsagar gado, mu kuwa Allah da kansa ya yi mana tamu.

Likita ya ce ramukan nan da tsagar bakin ɗiyata abu guda ne, gado ne. Wani ya ɗauko ramu kaɗai, wani ya ɗauko tsaga, wani bai ɗauko komai ba. Ya ce ba iska ba ne, ba kuwa laifin kowa ba ne.

Shekara ashirin ina leƙa bakin mutane, ban san abin da ke nawa ba.

Na fita na durƙusa gindin itacen bedi, rana tsaka, mutane na wucewa. Na ce, "Yesu, ni na kawo abin nan, na ɗora wa baiwar Allah. Ban iya addu'a ba. Ka bar min ɗiyata, ka ba ni bakin roƙon gafara." Na yi kuka kamar ba namiji ba. Da na tashi, nauyin da ke ƙirjina ya sauka.

Na koma na ce, "Tabawa, na zalunce ki. Ki gafarta min."

 Sai ta miƙo min cokalin, ta ce, "Riƙe nan, maigida. Hannuna ya gaji. A hankali fa, ba aska ba ce."

Sai da muka yi sati shida muna ɗiga wa ɗiyar nono ta yi ƙwari, kana aka ɗinke leɓen. Ganɗar kuwa sai bara aka yi. Har yau maganarta na ɗan bin hanci, ba zan ɓoye muku ba. Amma ga ta can jikin uwarta, Murna sunanta, shekararta uku, kuma ku kuka ji ta ɗazu tana ja muku amin.

Ranar da muka dawo gida na zaunar da ita bisa cinyata na yi mata askin da na hana ta.

Yanzu in na buɗe bakin jariri na ga irin wannan, sai in maida aska zabira, in nuna wa uban leɓena tun bai buɗe baki ya zagi matarsa ba.

Na gode wa Yesu da ya bar min ɗiya, ya maido min mata. Kai da ke zaune da abin da kake jin kunyarsa, kada ka nemi wanda za ka ɗora wa. Kawo shi wurin Ubangiji. Ya karɓi wanzami mai taurin kai, kai ma ba zai kore ka ba. Amin.