Fam Shida, da Taro da Sisi

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka, iyayena da 'yan'uwana.

Sunana Rahila, matar marigayi Kofur Bawa na Rikoto. Ku yi haƙuri da Hausata, da Dakarci ne da bakina ya fi sakewa, amma akwai baƙi a cikinmu. Ku yi haƙuri kuma idan na zauna a tsakiyar magana. Ƙafafun nan sun gaji.

Da yawanku kun san maigidana. Ya dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, da ƙarfinsa da 'yan kuɗinsa na sallama, kuma a soja ya koyi ɗinki. Ya je wurin Malam Garba, wani ɗan kasuwa mutumin Wasagu da ke da rumfa a kasuwar Zuru, ya karɓi keken ɗinki. Ya biya rabi, saura fam shida a kan zai riƙa biya da aikin hannunsa.

Ba a yi shekara biyu ba idonsa ya fara hazo. Da farko zare ne ba ya shiga allura, sai in sa masa. Daga baya ya ɗinke wa wani mutum hannun riga a bai-bai. Aka ce mana akwai asibitin ido can nesa, sai an shiga mota an shiga jirgin ƙasa. Ba mu da kuɗin hanya. A nan muka yi laifin farko: muka sayar da keken da ba mu gama biya ba, ba mu gaya wa mai shi ba. Kuɗin bai isa ba, muka ba da gonarmu jingina ga baffan maigida a Dabai, fam uku.

Ya tafi, ya dawo da sanda. Likita ya ce an makara.

To, ga makaho, ga 'ya'ya uku, ba keke, ba gona, ga haraji. Na ci bashin dawa a gidan maƙwabta, na ci na gishiri, na ci na manja. Har na kai idan na ji sallama a ƙofar gida sai in nemi wurin ɓuya.

Yanzu zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa. Kafin a yi mini baftisma ni mai dafa burkutu ce, kuma hannuna yana da kyau, kowa ya sani. Ranar da na shiga ruwa na yi alkawari na bari. Amma da bashi ya matsa, sai na koma a ɓoye. Ina zuwa gidan yayata a Dabai in dafa, in dawo in wanke jikina da toka don kada a ji warin, ran Lahadi in zo nan in zauna a layin gaba ina waƙa. E, a kan wannan bencin!

Kuma bai fisshe ni ba. Dawar da nake jiƙawa ta bashi ce, masu sha rabinsu bashi suke sha. Wata tukunya ta yi tsami gaba ɗaya, muka zubar wa aladu. Na ƙara bashi a kan bashi, na ƙara da ƙarya.

Shekara ɗaya da rabi ban bi ta gaban rumfar Malam Garba ba. Sai in zagaya ta bayan mahauta kamar ɓarauniya.

Wata rana da hantsi ina shanya barkono, na hango shi yana tahowa da lemarsa. Na ce wa maigida, "Baban Laraba, ga mai keke nan. Ka ce na tafi Dabai." Na ruga na laɓe a bayan rumbu.

Malam Garba ya yi sallama, suka gaisa. Ya ce, "Kofur, ina mai ɗakinka? Na ji an ce ita ke riƙe da gida yanzu."

Maigida ya ce, "Malam, ido na rasa, ban rasa tsoron Allah ba. Tana bayan rumbu. Kekenka kuma mun sayar, mun ci kuɗin a hanyar asibiti."

Wayyo, 'yan'uwa! Da ƙasa ta buɗe da na shige. Kuma kun san ban fito ba? Na tsaya a wurin kamar an kafe ni, ina jin komai.

Malam Garba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na daɗe da sanin an sayar, na ga keken a hannun wani tela. Jira nake ku zo ku faɗa mini da bakinku. In kaka ta yi ban ga kowa ba, sai mu haɗu gaban alƙali." Ya ɗauki lemarsa ya fita.

Na fito na zazzage wa mijina masifa. Na ce ya tona mini asiri, ni da nake ɗauke da shi da 'ya'yansa. Na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa makaho. Hawaye kawai ke fita daga idanun nan da ba sa gani.

Na ɗauki gatari kamar za ni itace, na hau tudu. Ban sari ko reshe ɗaya ba. Na zauna gindin wata ɗorawa, rana tana tsaka, na buɗe baki zan yi addu'a, duk kalmomin da aka koya mana suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, na gaji. Na gaji da ɓuya. Na gaji da ƙarya. In za ka kashe ni ka kashe ni, in za ka ɗaga ni ka ɗaga ni, amma ba zan iya komawa bayan rumbun nan ba." Na yi ta maimaitawa da Dakarci har muryata ta dushe.

Ban ji wata murya daga sama ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Ban tsinci kuɗi a hanya ba. Abin da ya faru, tsoron nan da ya shekara yana zaune a ƙirjina ya sauka. Na kwance bakin zanena na ga abin da na mallaka a duniya: taro ɗaya, kobo uku ke nan. Sai zuciyata ta ce, tashi ki kai wannan.

Na sauko, na durƙusa gaban maigida na roƙi gafara. Daga nan na wuce gidan Inna Saratu, shugabar zumuntar mata a lokacin, Allah ya ba ta hutawa. Na faɗa mata komai, har da burkutun.

Ta ce, "Ɗiyata, maganar giya sai ta je gaban dattawan ikilisiya, ba zan rufe miki ba. Maganar mai keke kuwa, ran kasuwa ki biyo ta nan, ni zan raka ki."

Dattawa suka sa ni horo wata shida. Na koma bencin baya, bakin ƙofa, ba na cin jibin Ubangiji. Wasunku kuna nan, kun gani. Ya yi mini zafi, amma ya fi ɓuya sauƙi.

Ran kasuwa muka je. Na durƙusa, na ajiye taron a kan tabarmar Malam Garba. Ya dube shi, ya dube ni.

Ya ce, "Matar Kofur, mi ne wannan?"

Na ce, "Farkon kuɗinka ne, Malam."

Ya yi lissafi da yatsunsa. Ya ce, "Taro-taro duk kasuwa? Shekara tara ke nan da ɗoriya. Wa ya ce miki zan kai?"

Inna Saratu ta ce, "Malam, in ka kai ta gaban alƙali, me za a ƙwace? Tukunya biyu da tabarma. Ga ta ta zo da ƙafarta."

Malam Garba ya sake duban taron. Sannan ya jawo wata takarda ya yi rubutun ajami. Ya ce, "Sharaɗina ɗaya. Kowace kasuwa in ga fuskarki a nan. Da kuɗi ko ba kuɗi, ki zo ki tsaya in gan ki. Ranar da kika sake bi ta bayan mahauta, magana ta tashi."

Ashe duk zagayen da nake yi yana kallona!

Ni ban iya karatu ba. Maigida ya koyi tufka igiyar rama, irin aikin da makafi ke yi, sai ya tufka wata doguwa ya yi mata ƙulli ɗari da ashirin, sule ɗaya ƙulli ɗaya, fam shida ke nan cif. Muka rataye ta a ɗaki. Duk sanda abin da na kai ya cika sule, shi zai kwance ɗaya da hannunsa.

Daga nan sai aiki. Lokacin ɗorawa in tara kalwa in yi daddawa. Lokacin kaɗanya in tsinto in yi man kaɗe, in daka, in niƙa, in dafa, har tafin hannuna ya zama kamar fatar ganga. Da rani itace, daga tudu zuwa gari, sau biyu a yini. Da damina ƙodago a gonakin mutane. Igiyar maigida tana kawo kobo biyu, kobo uku. Duk abin da ya shigo sai mu kasa uku: na tuwo, na haraji, na bashi. Na bashi ba a taɓa shi ko yara suna kuka. Kuma sun yi kuka.

Na fara sallamar ƙananan, masu gishiri da masu dawa, don in iya gaisawa da maƙwabtana. Wannan kaɗai ya ci shekara guda.

Kada wani ya ce muku da zarar ka yi addu'a hanya sai ta miƙe. A shekara ta uku ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta yi tsada. Muka koma ci sau ɗaya, tafasa da rama sun fi garin yawa. Akuyar da na yi kiwo don in rage sule goma a tashi ɗaya ta kumbura ta mutu. Kasuwa biyar a jere na je gaban Malam Garba hannu wofi. In tsaya, mutane suna ciniki suna kallona, shi kuma ya ɗago kai ya ce, "Na gan ki, matar Kofur. Sauka lahiya." In juya. Wannan tsayuwar ta fi ɗaukar itace nauyi.

Kirsimeti huɗu na yi da zane ɗaya. Matan zumunta suka yi anko, ni na ce ba ni da lafiya. Na yi gunaguni, na ce wa Ubangiji, masu dafa giya ga su da sababbin kwanoni, ni da na bari ga ni. Yayata ta aiko sau biyu, ta ce tukunyata tana nan. Sau ɗaya har na kama hanyar Dabai, na kai rafi, na zauna a kan dutse, na dawo. Ba ƙarfina ba ne. Ni dai na san an riƙe ni.

Ku kuma kun riƙe ni. Matan nan sun yi mini gayya a 'yar gonar da aka ara mini. Wata a cikinku, ba zan kira suna ba, ta sha ajiye mudun dawa a bakin ƙofata ta wuce.

A shekara ta biyar tari ya kama maigida. Yana kwance ya ce in miƙo masa igiyar. Ya bi ta da yatsa a hankali, ya ce, "Talatin da takwas. Rahila, na bar miki kaya." Na ce, "Tare muka ci, Baban Laraba." Bayan kwana uku ya tafi gida wurin Ubangiji.

Da aka share makoki, mutane suka ce mini bashin miji ba na mace ba ne, in tura Malam Garba wurin 'yan'uwan mamaci. 'Yan'uwan kuwa kowa ya kalli gefe. Na yi tunani, ni ce na kai keken nan wurin mai saye a kaina. Kasuwa ta gaba na je da sisi. Malam Garba ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Na yafe sule biyar saboda Kofur. Mutumin kirki ne." Na dawo na kwance biyar ni kaɗai, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sauran ya ci mini shekara biyu. Bayana ya riƙe, ba na iya itace sau biyu kuma.

Ran kasuwar da ta wuce na kai sule na ƙarshe. Malam Garba ya tsufa shi ma, sai da ya kai takardar kusa da hancinsa. Ya kira maƙwabcin rumfarsa ya zama shaida, ya ce, "Tsakanina da gidan Kofur Bawa babu sauran ko anini." Ya miƙo mini takardar.

Na ɗauka zan yi guɗa. Shekara bakwai ina shirya guɗar nan. Ba ta fito ba. Na zauna a ƙasa a gefen rumfar. Kobo biyu ya rage a bakin zanena. Na kira mai ƙosai na saya, na ci a zaune a tsakiyar kasuwa, a hankali, ban raba da kowa ba, ban duba ko wani yana kallona ba. Na dawo gida na yi barci tun la'asar har rana ta fito.

Ban zama mai arziki ba. Gonarmu tana nan a hannun baffa a Dabai, fam uku cif, ban taɓa ba. Jiya na aika masa ya sa ran ganina bayan kaka. Ban sani ba ko ƙafafun nan za su kai ƙarshensa, amma wanda ya kawo ni nan ya sani.

Na gode wa Yesu da bai bar ni a cikin ƙaryata ba. Na gode masa da ya ba ni miji mai gaskiya, ya kuma sa haƙuri a zuciyar mutumin da ba addininmu ɗaya ba. Na gode muku.

In akwai wata a nan da ke sauya hanya saboda wani, 'yar'uwa, na san halin da kike ciki. Ki gaya wa Ubangiji kin gaji, da harshen da kika iya. Sannan ki kwance bakin zanenki, abin da kika samu ki kai. Ki dogara gare shi, zai riƙe ki kasuwa bayan kasuwa. In kina jin kunyar zuwa ke kaɗai, gidana yana nan Rikoto, ki biyo in raka ki.

Yabo ga sunansa. Amin. Bari in zauna.