Kason Naman Kaka Gayus

Shugaban wannan taro, Fasto Marudut Sibuea, dattawan ikilisiya, iyayenmu shugabannin dangi, zumuntar mata da mawaƙa, 'ya'yanmu da suka taso daga Medan da Jakarta, jama'ar wannan ƙauye maza da mata: ina yi muku gaisuwarmu ta gargajiya, Horas! Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ina godiya da kuka tuna da tsohuwa irina a bikin cikar majami'armu shekara ɗari. Na san ba don iya magana kuka zaɓe ni ba, sai don waɗanda suka fi ni sani duk suna kwance a bayan ginin nan. To, da babu gara ba daɗi.

Abu na farko, kewa ce. Da nake yarinya, rufin ciyawa ne a nan, babu kujeru, babu lasifika, amma in aka ɗauki waƙa, masunta a tsakiyar tafkin Toba amsawa suke yi. Yau ga rufin kwano, ga lasifika, ga matasa suna waƙa kamar an sa su dole. Ina kewar wancan zamani ƙwarai.

Abu na biyu, kakana ne, Gayus Silaen, wanda aka fara yi wa baftisma a ƙauyen nan, wanda ya riƙa bin gonakin shinkafa yana wa'azi. Kun san al'adarmu: in an yanka ɓauna, kowa a kira sunansa a miƙa masa kasonsa, wanda ba a kira ba kuwa ba shi da dangi ke nan. Ana nan aka yi bikin kakanni, kawunsa Jaulim ne mai rabon nama. Ya ɗaga murya: "Gayus ɗan ƙanwata, ga naka!"

Kaka ya durƙusa ya ce, "Kawu, a gafarce ni. Kurwar kakanni aka yanka wa, ni kuwa na ba Yesu kaina."

Kawu ya ce, "Au! Har cikinka Turawan nan suka yi wa baftisma? To, shi Yesun ya raba maka nama."

Daga ranar ba a sake kiran sunansa ba. Ya faɗa mini da bakinsa cewa babu abin da ya taɓa yi masa ciwo kamar ya ji an kira na damansa, an tsallake shi, an kira na hagunsa. Baturen mishan ya ce masa ya daina zuwa bukukuwan. Kaka ya ce, "In na daina, wa zan yi wa bisharar, itatuwan kofi?" Kowane biki yana nan zaune a mazauninsa, ganyen ayaban da ake zuba nama a kai yana gabansa babu ko ƙashi. A ce masa, "Gayus, ganyen za ka ci?" Ya ce, "Matso in ba ka labarin wanda ya ƙosar da dubbai." A wannan zama, jama'a, a gaban wannan ganye, kakannin da yawa daga cikinku suka fara jin sunan Almasihu.

Haka aka yi ta yi har furfura ta fito wa kaka. Wani biki, bayan an gama rabo, Kawu Jaulim ya miƙe da sandarsa, ya kira: "Gayus ɗan ƙanwata!" Ya miƙo masa dafaffen kifi, irin wanda kawu ke sa wa ɗan 'yar'uwarsa albarka da shi. Ya ce, "Wannan ba a yanka wa kowa ba, ni na kamo shi. Ko shi ma Allahn naka ya hana? Karɓi, mai taurin kai, na gaji da tsallake ka."

Kaka ya ci yana kuka. Kawu bai taɓa taka majami'ar nan ba har ya rasu, kaka ne kuma ya ɗauki makararsa a gaba.

Ubangiji ya jiƙan magabatanmu. Ya ba mu bangaskiya irin tasu, ya bar mu da danginmu. Ya albarkaci wannan ikilisiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gode.