Baba, Ni Ma Ina Son Hawa Lilon

Assalamu alaikum Anti mai gabatarwa, sannu da aiki. Rukayya ce daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na zuga ƙanwata Ummi ta dami Baba da kuka sai ya kai mu wurin wasan yara a Kano. A littafin soyayya na karanta labarin lilon da ke ɗaga mutum har ya hango gari duka, tun ranar nake mafarkinsa.

Baba ya yarda, ya ce da an gama cire gyaɗa. Sai jiya Inna ta ce, "Budurwa da lilo? Ke zauna ki kula da awaki." Na ce to.

Anti, ki ba ni shawara, kunya ba ta barina in ɗaga ido gaban Baba. Amma shirin nan ba ya wuce shi, ko a gona rediyonsa na kafaɗa. Baba, ni ce. Ni ma ina son zuwa.

Sau biyu ina fasa aiko takardar nan. Gobe kam, in sha Allahu, zan miƙa wa direban motar Kano.