Ƙwayar Kashe Yunwa

A tashar motar Kafanchan, daminar 1992, wani malamin makaranta yana nuna wa wata tsohuwar Bafulatana hoton 'yarsa.

"Hellen ke nan, tana Ingila. Wata 'yar ƙwaya suke haɗawa, ta shiga ƙwaƙwalwa ta toshe inda yunwa ke tasowa."

"Don su wa?"

"Masu ƙiba, Inna. Abinci ya yi musu yawa."

"Ta aiko mini mana. Tun da shanunmu suka ƙare a rikici, goro nake ba jikokina ya riƙe musu ciki."

"Haba Inna, ai ba su gama ba."

"Ka dai tambaye ta ko ana ba ɗan shekara ɗaya. Ƙaramin bai yi haƙoran tauna goro ba tukuna."