Murhun da Na Gina wa Saratu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bulus, mijin Saratu mai masa ta unguwar PK8. Yau da bakina zan tona wa kaina asiri.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfanin sabulu da ruwan javel na wanki a unguwar Oloumi. Bututun tukunyar da ake dafa sinadarai a naɗe yake da wani farin abu kamar auduga, don kada zafi ya fita. Da aka tashi canza bututun, mu aka sa muka ɓamɓare farin abin da hannu, ƙura har cikin hanci. Ni kuwa kun san halina, ko ƙusa na gani a ƙasa sai na ɗauka. Na cika buhu biyu ban tambayi kowa ba, na kai gida, na kwaɓa da laka na gina wa Saratu murhu. Gawayi kaɗan, zafi har azahar! Har gori nake yi mata wai ta auri injiniya.

Bara wata likita ta zo duba ma'aikata. Ta ce farin abin nan sunansa amiyant, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma bayan shekaru tana iya zama ciwon daji. Nan take na tuna da murhunmu. Lokacin Saratu ta yi wata biyu tana tari, kullum tana sunkuye tana fifita murhun nan, ga gefensa duk ya tsattsage.

Kwana uku na kasa faɗa mata. Kunya da tsoro! A na huɗu na durƙusa a bayan ɗakin ajiya na kamfani na ce, "Ya Ubangiji, hannuna ne ya ɗauko. In akwai hukunci, kada ya faɗa kan baiwarka." Na tashi da ƙarfin zuciyar da ba nawa ba, na je na gaya mata komai.

Ta dube ni ta ce, "Baban Ladi, to kukan me kake yi? Tashi mu je asibiti."

Maƙwabcinmu Alhaji, mutumin Nijar mai taksi, shi ya kai mu, ya jira har aka ɗauki hoton ƙirjinmu. Likita ya ce huhunta fes yake, tarin na hayaƙi ne. Halleluya! Nawa akwai ɗan tabo, za a riƙa duba mu duk shekara. Gaskiya ban ma ji sauran maganarsa ba, ina dariya hawaye na zuba.

Murhun kuwa, wasu ma'aikata masu kayan kariya suka jiƙa shi da ruwa suka kwashe.

Na gode wa Allah da bai bar gangancina ya cinye matata ba. Ɗan'uwa, in akwai abin da tsoro ya sa kake ɓoye wa iyalinka, kai shi gaban Yesu, sannan ka buɗe baki ka faɗa. Tabona yana nan, ban san gobe ba, amma Saratu na numfashi lafiya ƙalau, wannan kuma ya ishe ni. Ku dogara gare shi. Amin.