Sanyin Gidan Earline

Earline Tibbs ta zauna kusa da wani dattijo a tashar bas ta Cleveland, tana ta tari.

"Baiwar Allah, wannan tari fa?"

"Sanyi ne, Baba. Wata biyu ke nan injin ɗumama gidanmu ya mutu, mai gida ya ƙi gyarawa."

"Ba gwamnati ke taya ki biyan haya ba? Kira mai duba gidaje mana! Doka ce, dole ya gyara."

"Da ganinka gidan kanka gare ka. Maƙwabciyata ta kira. Aka zo aka ce gidan bai cancanci tallafin gwamnati ba, sai ta tashi ta nemi wani. Yau a mota take kwana da 'ya'yanta."

Dattijon ya miƙo mata wayarsa. "Tarin nan zai kashe ki."

"Mayar da wayarka, Baba. Ba zan kira ba."