Koriyar Fitila a Babur ɗin Unguwarzoma

A rumfar mai gyaran wuta da ke bakin tashar Batsari, Rebecca unguwarzoma na tsaye da goyonta, ana ɗaura wa ɗan babur ɗinta roba-roba ƙarin fitilu biyu masu farin haske. Wani dattijo mai jiran motar Wagini ya ƙura wa aikin ido.

"'Yata, amarya za ki ɗauko da wannan ado?"

"Baba, haihuwa nake zuwa karɓa a ƙauyuka, ita kuwa ba ruwanta da faɗuwar rana. Makon jiya na faɗa rami da yaron nan a bayana. Ba zan sake ba."

"Yanzu da kowa ke kashe fitila don kada mutanen daji su hango shi, ke ƙarawa kike yi?"

"In na kashe, rami ya karya mu. In na kunna, Allah ya tsare."

Dattijon ya matso. "Tsaya. Ke ce kika shigo unguwarmu a Wagini bayan magariba ba fitila?"

"Ai a ramin ta fashe."

"La'ilaha illallahu! Da jin ƙarar babur cikin duhu muka watse cikin gero. Ni da furfurata na kai isha'i kwance a gona, tuwona kuwa akuya ta cinye!"

Rebecca ta toshe baki tana dariya. "Yi haƙuri, Baba."

Ya juya ga mai gyara. "Malam, sa mata koriya guda, mu riƙa gane ta daga nesa." Sai ya sassauta murya. "Surukata watanta ya kama. In mun hango koriya, ƙofa za mu buɗe."